Tutsun Akori-Kurar Baba

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Daga yau zan riƙa rubuta duk abin da na yi wa motar nan, don kuɗi za su fara fita kuma ba na so in wayi gari ban san ramin da suka faɗa ba. Hilux ce ƙirar 1991, mai injin gas 3L, wato lita 2.8, mai ogziliyari (giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja), da sifirin mai fallayen ƙarfe gaba da baya. Ta marigayi Baba ce, Allah ya jiƙansa. Ranar rabon gado babu wanda ya kalle ta sau biyu. Ni na ce a sa mini ita a kasona, yayyena suka yi ta dariya.

Inji lafiyarsa ƙalau, giya ma haka. Ciwonta ɗaya ne: tutsu. In babu lodi a bayanta, ka tsaya a rairayi ko a burji mai tsakuwa, ka saki kuloci ka taka totur, sai gindin motar ya kama tsalle, dim-dim-dim, kamar ana daka a ƙarƙashin bodi. Sandar giya ta riƙa kaɗawa a hannunka, ƙofar baya na kwaramniya, motar kuma ba gaba take yi ba, rami kawai take tonawa. Sai ka ɗaga ƙafa ta lafa. Baba yakan ce halinta ne, a bi ta a hankali. Shi ba ya taɓa fita da ita wayam, kullum da buhu a baya, shi ya sa abin bai dame shi ba.

Ni kuwa zuwa gona nake yi da ita babu kaya, in dawo da kaya. Hanyar gonarmu bayan Ɓaɓura akwai wani rairayi mai tsawon kamar mita 300 kafin a hau tudu, kuma nan take yi mini tsiyarta. Ina so ta daidaita kafin a gama tsinkar zoɓo.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na kai ta gareji. Oga ko leƙa ƙasa bai yi ba, ya dafa gefen bodi ya danna sau biyu, ya ce, "Malam, shokazoba ne." Da aka kwance su kuwa gaskiyarsa: na dama ya zubar da mai har ƙura ta kama shi ta yi ɓawo, na hagu kuma yaro ƙarami ma zai tura shi da hannu ɗaya ya shige. Sababbi guda biyu, N86,000. Na biya ina jin cewa magana ta ƙare.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ba ta ƙare ba. A kan kwalta motar ta natsu, ta daina lilo bayan an wuce rami. Amma da na shiga filin ƙwallon bayan makaranta na taka ta a giya ɗaya, tutsun yana nan daram. Abin da ya ragu shi ne ƙarfin bugun.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Gani ya kori ji. Ƙanena ne ya kawo dabarar: muka ɗaure tsohuwar wayarsa da robar taya a jikin casis, tana kallon sifirin ɗin dama daga ciki, muka kunna bidiyo mai tafiyar hawainiya. Na tashi motar a rairayi sau uku. Muka zauna a inuwar darbejiya muna kallo, kanmu a haɗe kan ɗan gilashin da ya tsage.

Abin da na gani ya ba ni tsoro. Da taya ta fara juyawa gaba, sai gangar aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, gaba ɗayanta ta murɗa baya, hancinta inda furofela (sandar da ke kawo juyi daga giya) ke kamawa ya ɗaga sama kamar kare ya ji ƙamshi. Sifirin da ya kamata ya zauna kamar baka sai ya lanƙwashe ya zama kamar harafin S, rabinsa na gaba ya tasa sama, na baya ya lotsa. Yana kai maƙura sai taya ta suɓuce ta yi wawan juyi, sifirin ya fizgo kansa ya dawo da ƙarfi, ya doka taya a ƙasa, ta sake kamawa, ya sake murɗewa. Duk wannan sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ai gwafar harbin tsuntsu ce."

Daren nan na zauna na yi karatu a intanet har ɗaya saura. Ashe abin sananne ne a duk motar da aksil ɗinta ke rataye a sifirin mai fallaye kawai, tsarin da ake kira Hotchkiss, sunan wani tsohon kamfanin Faransa. A irin wannan tsari sifirin aiki uku yake yi shi kaɗai: ya ɗauki nauyi, ya riƙe aksil a mazauninsa, ya kuma hana shi murɗawa lokacin da ƙaramin haƙorin finiyo ke ƙoƙarin hawa babban faifan da yake juyawa. In sifirin ya gaji, aiki na ukun ne ke fara kuɓuce masa. Shokazoba yana rage hawa da sauka, amma murɗawa ba hurumin sa ba ne, shi ya sa N86,000 ɗina suka sayi rabin magani.

Wani abu kuma da bidiyon ya nuna: tsakanin sifirin da aksil akwai wasu ƙarafa guda biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Shekara nawa ina ganinsu, ban taɓa tambayar aikinsu ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na san ciwon motar, na ga shi da idona, amma na ce bari in yi sawu ɗaya in kwaso riɗin da aka kaɗe kafin a kwance ta. A tsakiyar rairayin nan ta fara, ni kuma maimakon in ɗaga ƙafa sai na ƙara takawa, wai in fice da ƙarfi. Na ji ƙas, sannan wani irin ƙarar ƙarfe na dukan ƙasan bodi. Inji na ta kuka, mota na tsaye.

Kuros ɗin furofela na baya, wato gaɓar da ke haɗa ta da aksil, ya tarwatse. Kofunansa biyu sun fice, allurai sun zube cikin yashi, kan furofelar ya faɗo ya yi wa salansa lamba. Allah ya taimaka bai kai ga tankin mai ko bututun birki ba, kuma kunnuwan da kuros ke zama ciki ba su buɗe ba. Duk lokacin da hancin aksil ya ɗaga, kuros yana karyewa fiye da kusurwar da aka yi shi dominta, ga fizga a kai. Tun zamanin Baba yake shan wannan duka, yau ya ce ya gaji.

Na kwanta a yashi mai zafi na kwance furofelar da sifana 14, na jefa ta baya. Na kulle hob ɗin gaba, na sa ogziliyari, na so in fita da tayoyin gaba kaɗai, amma ta riga ta nutse har gindi. Sai da wasu bayin Allah suka zo da shanun huɗa biyu aka ja ta zuwa tudu. Tsohon cikinsu ya ce, "Ɗan nan, motar Alhaji ce ko? Shi ba ya gaggawa a nan." Ban ce komai ba. Daga nan na lallaɓo da ja na gaba, a hankali, na iso gida bayan isha'i. Riɗi kuwa a-kori-kurar haya ce ta kwaso shi.

Goron masu shanu da ɗan abin da na ƙara wa mai haya: N15,000. Kuros biyu, don na ce a canja har na gaba: N28,000.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mun ɗaga ta a kan kututture huɗu, mun sauke sifirin duka biyu. Yu-bol, ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksil, sun ci tsatsa har sai da aka yanka su da abin yankan ƙarfe. Sai da muka shimfiɗa komai a kan buhu sannan na karanta tarihin motar kamar a littafi.

Ƙarafan nan biyu tubalan ɗagawa ne, ɗaya santimita 5, ɗaya biyu da rabi. Kawu ya tuna: lokacin da sifirin ya fara kwanciya, tayar baya na gugar bodi in an yi lodi, sai aka sa na farko. Da Baba ya sa manyan tayoyi aka ƙara na biyu. A wannan motar sifirin a saman aksil yake zaune, don haka duk abin da ka cusa tsakaninsu ka nisanta aksil daga sifirin ne, ka ƙara masa tsawon hannun da zai murɗa shi. Kamar ka zura bututu a sifana ne don kwance noti mai taurin kai. Gyaran gangar auzinawa ke nan, an ɗaga mota an kuma ba tutsu ƙarfi.

Sai fallayen. An ƙara guda uku a kowane gefe, gajeru masu kauri, daga gani na babbar mota ne aka yanko. Duk a ƙasa suke, a tsakiya. Suna ɗaukar buhu, babu musu, kuma su ne suka mayar da motar kamar amalanke in babu kaya. Amma ba su kai ko kusa da idon sifirin na gaba ba, wato naɗin ƙarshensa da ke kama casis, inda murɗawar ke faruwa. Wurin nan uwar sifirin ce kaɗai ke fama, ita kuma ta riga ta miƙe ta zama kamar faranti. Maɗauran da ke haɗe fallaye a rabin gaba babu ko ɗaya, duk sun karye sun faɗi. Falle na biyu na hagu ya tsage daidai ramin santa-bol, notin tsakiya da ke haɗe fallaye, santa-bol ɗin kansa ya lanƙwashe. Bushin kuwa, robar da ke cikin idon sifirin, sai dai a ce Allah ya jiƙan rai, a wani idon ma guntun tiyo aka cusa.

Kafin mu kwance na auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a kowane gefe. Hagu ya fi dama da santimita ɗaya da rabi. Ashe shi ya sa mutane ke cewa motar Baba tafiyar kaguwa take yi.

Abin da na lura da shi a garejojinmu shi ne duk gyaran da ake yi wa bayan akori-kura tambaya ɗaya yake amsawa: buhu nawa za ta ɗauka? Ban taɓa jin wanda ya tambayi yadda taya ke kama ƙasa ba. Ba laifin kowa ba ne, da lodi ake cin abinci da ita.

Talata, 22 ga Oktoba

Oga ya kai ni wurin wani dattijon maƙeri da ke ɗaga sifirin. Ya juya uwar sifirin a hannunsa, ya ƙwanƙwasa ta da guduma ya saurara, ya ce zai iya dawo mata da baka. Na ce, "Baba, da wuta ko a sanyi?" Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce wanda ya sa wa sifirin wuta ya kashe shi, shi a sanyi yake bugu, layi-layi, a kan ƙarfen dogo. Sannan ya ƙara da cewa wannan dai ko ya ɗaga ta, damina ɗaya za ta yi ta koma, don ƙarfen ya riga ya mutu. Mutumin da zai ci kuɗina ne ya hana kansa. Ya sayi tsofaffin fallayen duka N22,000, zai ƙera fartanya da gatari.

Daga nan Ƙofar Ruwa. Na sha yawo kafin in sami sifirin Baljiyam guda biyu da bakansu ya zo ɗaya. Na kifa su a ƙasa gefe da gefe na auna tsayin bakan da tef, mai shago na ta mita wai ina ɓata masa lokaci. N140,000 bayan dogon ciniki. Na ƙara dogayen fallaye biyu, N30,000, waɗanda za su zauna ƙarƙashin falle na biyu su kai kusan bakin ido. Bushin na roba cikakken saiti N18,000, santa-bol biyu N4,000. Yu-bol na saye su a wani shago a hanyar dawowa, huɗu N12,000, ina murna na yi araha.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Wanke fallaye da burushin ƙarfe, fenti, shanya. Maƙerin ya lanƙwasa mini maɗaurai huɗu daga ƙarfe mai faɗi, kyauta.

Asabar, 26 ga Oktoba

Mun haɗa fallaye, mun ɗaura maɗaurai bibbiyu a rabin gaba na kowane sifirin, rabin baya muka bar masa nasa na asali guda ɗaya sakwa-sakwa. Hikimar ita ce gaba ya yi tauri ya zama kamar hannu mai riƙe aksil, baya ya ci gaba da aikin laushi. Masu tseren mota a Amurka sun daɗe da sanin wannan, har kamfanin Chrysler ya riƙa sayar da sifirin mai gajeren gaba mai tauri ga masu tsere a shekarun 1960. Tubalan ɗagawa na ce ba za su koma ba. Oga ya ce mota za ta yi ƙasa. Na ce ta yi.

Sai yu-bol. Na aro sifana mai auna ƙarfin ɗauri daga wani abokin aiki, na saita ta a 120. Noti na farko ya kai 80, ya kai 90, sai na ji hannuna ya tafi salalam kamar na taka ɓawon ayaba. Zaren ya goge. Na biyu bai goge ba, amma sai juyawa yake yi ba ya ƙara tauri, ƙarfen ne ke miƙewa kamar alewa. Yaron Oga ya ɗauki ɗaya ya sa a bakin maƙamshi ya lanƙwasa shi da hannu. Rodin gini ne aka yi wa zare aka shafa masa ruwan zinare. Araha ba ta ado. Na yi tunanin da ba ni da wannan sifanar, da an ɗaure su da ƙiyasin hannu an ce sun yi, da kuma ranar da za su saki aksil ina kan titin Kazaure da kaya.

Na koma shagon, mai shi ya ce kaya in sun fita sun fita. Motar ta kwana a kan kututture.

Laraba, 30 ga Oktoba

Yu-bol na kirki, N32,000. Duk takwas ɗin notin sun kai 120 sun ce ƙyas, muna ɗaurewa a gicciye kaɗan-kaɗan. Notocin ido da na shakul, wato maratayin ƙarshen sifirin na baya, ban bari an ƙarasa ɗaure su ba sai da muka sauke motar ta tsaya da ƙafarta, muka jijjiga ta. In aka ɗaure bushin na roba mota na rataye, da an sauke ta robar a murɗe za ta zauna har ta yage. Awo: hagu da dama sun zo daidai, bambancin bai kai milimita 3 ba. Duk da cire tubalai, santimita 3 kacal ta yi ƙasa, don sabon sifirin yana da baka.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Saura ƙiris in yi ɓarna. Na fito gwaji da safe, ɗan akuya ya gifta, na taka birki ba ma da ƙarfi ba. Tayoyin baya suka ƙame, gindin motar ya shararo gefe, na tsinci kaina ina kallon inda na fito. Babu kowa a hanyar, alhamdu lillahi. Mai shayin bakin titi ya ajiye ludayi ya dafe kai.

Na yi ta tunanin me ya haɗa sifirin da birki, sai Oga ya nuna mini. A ƙasan bodi akwai wani ɗan bawul a kan bututun birkin baya, da siririyar sanda da ta taho daga gare shi ta kama jikin aksil. Aikinsa auna lodi: in mota ta yi ƙasa saboda nauyi, sandar ta tura shi ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki, in babu kaya ya rage. Lokacin da aka ɗaga motar wani mai hankali ya yi wa maƙalin sandar ƙari da walda don ya biya tsayin tubalan. Mu mun cire tubalai mun bar ƙarin. Bawul ɗin yana ganin motar ɗauke take da buhu ashirin, alhali ko tsinke babu.

Litinin, 4 ga Nuwamba

An yanke ƙarin, maƙali ya koma yadda yake. Na gwada a burji sau biyar, yanzu gaba ke fara kamawa.

Akwai wata 'yar karkarwa da ke tasowa daga ƙasan kujera in gudu ya kai 70. Na sauke manhajar auna kusurwa a waya, na ɗora a kan furofela da fuskokin da take kamawa. Ƙa'idar ita ce karyewar kuros na gaba da na baya su zo kusan ɗaya, don ɗaya ya goge rashin daidaiton ɗaya. Nawa hancin aksil ya ɗaga da digiri 3 fiye da yadda ya kamata. Mai injin gyaran ƙarfe ya fere mini weji biyu na ƙarfe masu digiri 4, N6,000, muka sa tsakanin sifirin da mazauninsa, santa-bol ya ratsa ta ciki. Na bar hancin ya sunkuya da digiri 1, tunda in aka taka totur dole ya ɗan ɗaga. Karkarwa ta tafi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Rairayin gona, babu lodi. Zuciyata na dukan uku-uku. Ta shiga, ta wuce rabi lafiya, sai da na tsaya da gangan na sake tashi da ƙarfi sannan ta yi dim-dim sau uku ta kama. In da a da tutsu goma ne, yanzu uku ne.

Na duba iskar taya, mai faci ya ɗura 60 a kowace, kamar yadda ya saba yi wa Baba saboda lodi. Tayar da ta yi tauri haka ba ta shimfiɗa a yashi, tsalle take kamar ƙwallo. Na sauke zuwa 20 na sake gwadawa, sai sau ɗaya ta buga. Na ɗauki sabon bidiyo: S ɗin yana nan amma ya zama ɗan ƙarami. A kan kwalta zan riƙa barin 32 in ba kaya. Dole in sayi famfon hannu in ajiye bayan kujera.

Mai hankali a nan zai tsaya. Uwargida ma abin da ta ce ke nan.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ban tsaya ba. Na zana wa mai walda sanda guda ɗaya, daga ƙasan aksil zuwa casis, ta tokare shi kada ya murɗa. Bututun ruwa ne mai tsawon santimita 60, noti gaba noti baya. Duka da aiki N17,000.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Tutsu ya ɗauke ɗif, amma mota ta zama gungume. Kowane ɗan rami sai na ji shi a haƙorina, ga wani ƙiii-ƙiii kamar tsohuwar ƙofa. Da na tsallaka kwalbatin unguwarmu a karkace sai ƙarfe ya ce ɓas. Maƙalin da aka liƙa a casis ya yage, sandar ta lanƙwashe kamar lauje.

Laifina ne, mai walda abin da na zana ya yi. Aksil in yana hawa da sauka ba a miƙe yake tafiya ba. Sifirin na miƙewa yana ƙara tsawo, shakul na baya na lilo, aksil ya ɗan ja baya ya dawo. Gajeriyar sandata kuma tana so ta kai shi ta nata zagayen. Biyu suna jan abu ɗaya ta hanya daban-daban, dole mai rauni ya saki. Na gode Allah maƙalin ne ya saki, casis bai tsage ba. Mun goge wurin mun shafa fenti.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Kwana uku ina zane a bayan takardun jarrabawar da suka lalace. Cikin karatu na ci karo da wani abu da ya burge ni: akori-kurar Chevrolet C10 ta shekarun 1960 zuwa 1972 yawanci ba sifirin mai fallaye ne a bayanta ba, dogayen hannuwa biyu ne suka taso daga tsakiyar casis suka riƙe aksil, nauyi kuma na kan sifirin mai naɗi. An raba aikin ke nan, mai ɗaukar kaya daban, mai riƙe aksil daban. Tsarin ya yi kyau har motocin gasar tseren NASCAR ta Amurka suka ɗauke shi suka yi ta amfani da shi, sai a 2022 aka canja a babban ajin gasar.

Ni ba zan iya mayar da Hilux haka ba, amma zan iya ba ta hannu ɗaya dogo. Sabon zanen: sanda biyu da suka haɗu a gaba suka buɗe a baya kamar bakin almakashi, ɗaya ta kama aksil ta sama, ɗaya ta ƙasa. Kamu biyu ne ke hana murɗawa. Kan gaba kuma ba za a ɗaure shi ƙam ba, zai rataya ne a ɗan shakul mai bushin, ya samu damar matsawa gaba da baya da ɗan juyawa in taya ɗaya ta hau tudu. Abin da ba zai iya ba shi ne ɗagawa sama. Tsawonsa ya bi furofela gwargwadon iko, ya kwanta kusa da ita.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Wuni guda a wurin walda. Bututu mai kaurin bango da faranti milimita 8, N38,000. Shakul da bushin uku, N9,000. Mun tsiyaye man aksil, mun cire batir, mun janye bututun birki gefe, mun lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Na roƙi mai walda, "Malam, don Allah kaɗan-kaɗan, a bari ya huce." Bututun aksil in ya sha zafi a gefe ɗaya yakan karkace, daga nan kuma sai cin boris da zubar mai. Ya yi ta ɗinki santimita bibbiyu yana tsallakawa wancan gefen, muna shan rake tsakani. Maƙalin gaba bai taɓa casis da wuta ba, gada muka yi ta ƙarfe daga wannan gefe zuwa wancan muka ɗaure da noti. An yi duk awon mota na tsaye da nauyinta, shakul a tsaye cak.

Kafin mu tashi muka ɗora tayar baya ɗaya a kan bulo uku. Shakul ya karkata, babu abin da ya yi ƙara. Walda N25,000, man giya lita 3 N18,000.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na tsaya a tsakiyar rairayin, daidai inda shanu suka ja ni. Iska 22, ba ogziliyari, giya ɗaya. Na saki kuloci na taka. Tayoyi suka watso yashi baya, gindin motar ya ɗan ɗago, ta tafi sumul har tudu. Na juyo na sake, sau huɗu. A bidiyo hancin aksil ɗan gyaɗawa kawai yake yi kamar mai amsa gaisuwa. Ƙanena yana ta ihu a baya.

Dawowa na ɗauko buhun gero takwas da zoɓo a sama. Ta zauna, saura kamar yatsa uku ta taɓa robar tsayawa. A zamanin Baba sha biyar take ɗauka, da fallayen babbar motar nan. Kawu ya ga haka ya girgiza kai ya ce na mayar da jaki doki. Takwas sun ishe ni, in ya so in yi sawu biyu.

Sabon abu ɗaya: in na ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya, ina jin ƙwas daga wajen shakul ɗin sandar.

Asabar, 7 ga Disamba

Ta yi kilomita 400 da ɗoriya tun ɗaurin ƙarshe, na sake bin yu-bol da sifanar aro. Biyar daga cikin takwas sun karɓi kusan rubu'in juyi, fenti da tsatsar tsakanin fallaye sun zauna. Ƙwas ɗin nan ramin faranti ne ya fi notin faɗi da milimita ɗaya, mai walda ya liƙa wasa mai kauri a kowane gefe, ya yi shiru.

Na sallami Oga da yaransa N45,000. Jimillar abin da ya fita N523,000, in aka cire kuɗin tsofaffin fallaye saura N501,000. A ciki N29,000 na yu-bol ɗin rodi ne da sandar farko, N15,000 kuma na taurin kaina a rairayi.

Saura gaba. Bushin ɗin sifirin gaba sun mutu kamar na baya, sitiyari na da wasa kusan tafin hannu, kuma na ga mai na tsattsafowa a ƙwallon aksil na dama. Wannan sai an sayar da zoɓo, watakila bayan sabuwar shekara. Ranar Alhamis zan je Maigatari da Kawu, ya ce raguna huɗu zai ɗauko, don haka gobe zan sa a gyara ƙugiyar ƙofar baya.